Hukunci a Kan Motar Gwangwani



'Yan uwa, yau maganar 'yan shekara huɗu da biyar zan yi, da wata motar gwangwani wadda ko kyauta aka miƙo maka ba za ka karɓa ba.

Kwanakin baya an gayyace ni wata makaranta a nan cikin gari, irin waɗanda suka haɗa boko da islamiyya, domin in yi wa iyaye nasiha ranar taronsu. Na riga lokaci isa, sai shugaban makarantar ya ce mu ɗan zaga kafin mutane su taru. Muka tsaya a bakin tagar ajin ƙanana, waɗanda muke ce wa 'yan rabin aji. Yara sun kai arba'in, malama ɗaya. An gama bitar ƙananan surori, an sake su su yi wasan da suka ga dama kafin a tashi. Aji ya koma kasuwa. 'Yan mata sun kafa murhu da duwatsu uku suna girki a gwangwanin tumatir, wasu samari suna jera murafen lemo wai shanu ne za a kai kiwo, wani kuma ya tsaya a gaba ya ɗaure hannu yana jan sallah, mamu biyu a bayansa suna ƙyalƙyala dariya.

Can sai ihu ya tashi. Wani yaro yana da mota da aka ƙera da gwangwanin madara, tayoyinta murafen kwalba. Wani ya zo ya fizge, taya ɗaya ta fice ta gangara, mai motar kuwa bai yi wata-wata ba ya gantsara masa cizo a hannu. Wanda aka ciza ya ɓare baki har ana ji a waje. Mai cizon ya rungume motarsa ya ƙame, ya runtse ido. Kana ganinsa ka san duka yake jira.

Malamar ba ta daka tsawa daga inda take ba. Ta taso ta durƙusa a tsakaninsu har idonta ya zo daidai da nasu. Ta fara duba hannun da aka ciza, ta hura masa, ta ce, "Sannu ɗana, ya yi zafi ko?" Sannan ta juya wajen mai cizon ta ce, "Wa ya ƙera maka motar nan?" Ya buɗe ido ɗaya ya ce, "Yayana." Ta ce, "Kuma ga shi tayar ta fita. Ranka ya ɓaci." Wallahi tana faɗin haka yaron nan da ya ƙame kamar icce ya fashe da kuka. Ta bar shi ya yi, sai da ya lafa ta ce, "Amma ba ma cizo a ajin nan. Dubi hannunsa, ga shatin haƙoranka." Ta koma kan na farkon: "Kai kuma, ka tambaye shi kafin ka ɗauka?" Ya girgiza kai. Ta tura su su biyu neman taya a ƙarƙashin tabarma.

Shugaban makaranta ya matso kunnena ya ce, "Ka gani ko, Malam? Minti goma a kan gwangwani. Da ni ne tsawa ɗaya ta isa, in ƙwace motar in ɗora a kan kabad, su biyun su durƙusa, aji ya yi tsit. Iyaye ma suna ƙorafi wai sangarta yara take yi."

Ba zan ɓoye muku ba, a lokacin zuciyata tana tare da shi. Haka aka yi mana, haka muka taso muna yi. Sai da na koma gida abin ya riƙa dawo mini. Yaro ɗan shekara huɗu, wanda alƙalami bai hau kansa ba, wanda nan da awa ɗaya zai manta, shin baƙin cikinsa a kan gwangwani ya cancanci babba ya durƙusa ya saurara? Ko kuwa ɓata lokaci ne aka sa masa rigar tausayi?

Amsar farko da ta zo mini daga gidan Ummu Sulaim ta fito. Anas ɗan Malik, Allah Ya ƙara masa yarda, yana da ƙane ƙarami da ake wa alkunya da Abu Umair, ɗan yaro da ba a daɗe da yaye shi ba. Yana da wani ɗan tsuntsu da yake wasa da shi. Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, yakan ziyarci gidan, yakan yi wa yaron raha. Wata rana ya tarar da shi ya yi jugum, ya tambayi dalili, aka ce ai tsuntsunsa ne ya mutu. Sai ya kira shi da alkunyarsa, kamar yadda ake kiran babban mutum, ya tambaye shi labarin tsuntsun. Asalin hadisin yana cikin Bukhari da Muslim. Ku dubi wanda ake magana a kai: mutumin da wahayi ke sauka gare shi, ga lamarin Madina duka a wuyansa, ga munafukai a ciki, ga maƙiya a waje. Amma fuskar ɗan yaye ta canza ya lura, ya nemi dalili, kuma da ya ji dalilin bai ce ai tsuntsu ne kawai ba.

Akwai wani abu mai daɗi a tarihin wannan hadisi. Hafizu Ibn Hajar ya kawo a Fathul Bari cewa wasu mutane sun taɓa yi wa malaman hadisi ba'a, wai suna ruwaito abubuwan da ba su da amfani, suka buga misali da labarin Abu Umair. Sai wani malamin Shafi'iyya, Ibnul Ƙass, ya zauna ya ciro fa'idoji sittin daga cikinsa. Wato raina sha'anin yara tsohon ciwo ne. Tun wancan zamani akwai masu ganin cewa abin da ya shafi yaro da tsuntsunsa bai kai a rubuta ba.

To a nan ne nake ganin muna gauraya abu biyu da suna ɗaya. Akwai tausayin da ake yi daga sama: ka ga yaro yana kuka, kukan ya dame ka, ka ce "yi shiru, ungo alawa." Wannan kanka ka ji wa, kunnenka kake nema wa sauƙi. Akwai kuma wanda ake saukowa a yi shi, ka auna abin da ma'aunin mai shi. Gwangwanin nan a wajenka shara ne. A wajen yaron, yayansa ne ya zauna ya huda masa da ƙusa, ita ce kaɗai motar da ya mallaka a duniya, kuma a gaban idonsa aka lalata ta. Kai da wani zai fizge maka makullin mashin ya fasa fitila, a zo a ce maka "haba, ƙarfe ne fa," yaya za ka ji? Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, ko da ɗakin na ƙasa ne da aka gina a bakin rariya.

Kuma ku lura da abin da tambayar malamar ta yi. Yaro ƙarami yana jin abu ya cika masa ƙirji, amma ba shi da kalmar da zai kira shi da ita. In harshe ya gaza, haƙori da hannu su ke magana. Da ta ce "ranka ya ɓaci," ta ara masa kalmar da ya rasa. Yaron da aka yi wa haka sau goma, sau ashirin, wata rana da bakinsa zai ce "raina ya ɓaci, ba ni motata," kuma wannan ranar ita ce ranar da cizo zai fara raguwa.

Na san abin da malamai za su ce, kuma suna da gaskiyarsu. Yara arba'in, ɗaki ɗaya, zafi, albashin da bai taka kara ya karya ba, wani lokaci ma sai wata ya yi nisa ba a biya ba. Wa ke da minti goma ga kowane gwangwani? Kuma tsawa tana aiki, kada mu yaudari kanmu. Ka ɗaga bulala sau ɗaya, aji zai mutu murus. Sai dai a tambaya: me aka saya da wannan shirun, kuma nawa aka biya?

Ibn Khaldun ya yi wannan lissafin a Muƙaddimarsa tun shekarar 1377. Ya ware fasali guda a kan cewa tsanantawa tana cutar da masu koyo, musamman ƙanana. Taƙaitaccen abin da ya nuna shi ne, wanda aka rena da ƙarfa-ƙarfa zuciyarsa takan ƙuntata, karsashinsa ya tafi, lalaci ya shige shi, ya koyi ƙarya da dabara da nuna abin da ba shi ne a ransa ba saboda tsoron hannun da ke kansa. Ku mai da wannan kan ajinmu. Da an ƙwace motar an ɗora a kan kabad, mai fizga bai koyi tambaya ba, mai cizo bai koyi riƙe fushi ba. Darasi ɗaya suka ɗauka su biyun, cewa wanda ya fi ƙarfi shi ke ƙwace abu, don ga malama ma ta yi a gabansu. Gobe za su sake faɗan, amma a bayan aji, inda ba ido. Mu kuma mu ce yara sun natsu.

Muna yawan cewa icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Gaskiya ne. Amma duk wanda ya taɓa tanƙwara ɗanyen reshe ya san a hankali ake yi, in ka yi da ƙarfi karyewa yake. Hadisin da aka fi kafa hujja da shi wajen duka, wanda Abu Dawud ya ruwaito, a kan sallah yake, ginshiƙin addini, kuma ya sa umarni a shekara bakwai, bai ambaci duka ba sai a goma. Shekara uku cur na haƙuri da maimaitawa. To ina hujjar wanda ke zane ɗan shekara huɗu a kan murfin kwalba? Ko Muhammad ɗan Sahnun, babban malaminmu na Malikiyya a Ƙairawan wanda ya rasu a shekara ta 256 bayan hijira, da ya rubuta littafinsa a kan ladubban masu koyarwa, ƙaidi ya yi ta sa wa malami: kada ya wuce bulala uku a kan karatu sai da izinin uba, kada ya yi dukan huce haushi, kuma ya daidaita tsakanin yara, ɗan mai kuɗi da ɗan talaka.

Wannan magana ta daidaitawa ita ce ta kai ni inda abin ya fi wuya. Tausayi shi kaɗai yana iya yin zalunci, kuma na sha ganin haka. Zuciya takan karkata ga wanda ya fi ƙarar kuka, ga ƙarami, ga mai tsabta da ƙamshi, ga ɗan ƙawar malama. A rigimar motar nan, wa ya fi ban tausayi a ido? Wanda aka ciza mana. Malama mai taushin zuciya amma marar lura za ta rungume shi, ta karɓe motar ta ba shi don ya yi shiru, ta harari ɗayan. Ta ji daɗi a ranta cewa ta yi jin ƙai, alhali ta saka wa mai ƙwace da abin da ya ƙwata. Kuma yara suna gani. Kafin sati ya zagayo kowa a ajin ya gane cewa kuka shi ne kuɗin sayen komai.

A gidajenmu ma haka ne: "Ba shi mana, ba ka ga ƙaninka ba ne? Kai babba ne." Babban nan fa shekararsa biyar.

Ku saurari yadda Annabi, sallallahu alaihi wa sallam, ya yi da haƙƙin yaro. Sahl ɗan Sa'ad ya ba da labari, yana cikin Bukhari da Muslim, cewa an kawo masa abin sha, ya sha, a damansa akwai yaro, a hagunsa dattawa. Ƙa'ida ita ce a miƙa wa na dama. Sai ya nemi izinin yaron ko zai yarda a fara ba dattawan. Yaron ya ƙi, don ba ya son ya bar wa kowa rabonsa daga hannun Manzon Allah. Sai ya danƙa masa a hannu. Bai ce masa marar kunya ba, bai ce manya na zaune kana magana ba. Ya roƙa, an hana shi, ya mutunta hanin. Saboda haka da na ga abin da malamar ta yi bayan an samo tayar, sai na daina ganin sangartawa. Mai fizgar ya ce, "Ara mini." Mai motar ya maƙe kafaɗa. Malama ta ce, "Tasa ce, in ya ga dama zai ara maka wani lokaci," ta ɗauko wani gwangwani da murafe huɗu ta ba shi ya gwada haɗa tasa. Har aka tashi mai motar bai ara ba, ita kuma ba ta tilasta shi ba. Kyautar da aka ƙwata da ƙarfi ba ta koya wa yaro kyauta, ɓoye kaya take koya masa.

Kada kuma wani ya fahimci cewa an bar cizon ya tafi a banza. Ta zaunar da shi kusa da ita na ɗan lokaci, bai koma wasa ba sai da ya ce wa ɗan uwansa "yi haƙuri," kuma ta ce za ta sanar da mahaifiyarsa in ta zo ɗaukarsa. Fahimtar dalilin laifi ba ta mai da laifi halal. Hasan ɗan Ali yana ƙarami ya ɗauki dabino ɗaya daga dabinon sadaka ya sa a baki, kakansa, sallallahu alaihi wa sallam, ya sa shi ya tofar nan take, da irin kalmar da ake hana jarirai da ita, sannan ya gaya masa dalili, cewa su ba sa cin sadaka. Jikan da yake ɗauka a kafaɗa ke nan, amma dabino ɗaya bai bar masa ba.

Wani zai ce to a hana wasan gaba ɗaya mana, a huta da rigima, tunda karatu aka kawo su. Imam Gazali ya amsa wannan a Ihya'u, inda ya nuna cewa ya kamata a bar yaro ya yi wasa mai kyau bayan karatu don ya huta, domin hana shi da takura shi da karatu kullum yana kashe masa zuciya, ya dusashe basirarsa, har ya fara neman dabarar tserewa daga karatun baki ɗaya. Ni kuma zan ƙara da abin da na gani ta taga. Lokacin hadda yara arba'in baki ɗaya suke da shi, duk suna rera abu guda, ba ka san kowa ba. Sai an sake su kake ganin waye shugaba, waye mai ƙwace, wace ce mai raba abincin ƙarya ta manta da kanta, waye kullum ake ce masa "kai ne jaki." Yarinyar da ke dukan 'yar tsanarta tana zaginta da zagin manya, ba ita ta ƙirƙiro kalmomin ba, labarin gidansu take ba ka. Malamin da ya mai da lokacin wasa lokacin danna waya ya rufe littafin da ya fi kowane bayyana masa ɗalibansa.

Kuma shiga wasan yara yana da ladabi. Ba a shiga a ƙwace ragama. Nana A'isha, Allah Ya ƙara mata yarda, ta ba da labarin cewa tana wasa da 'yan tsana tare da ƙawayenta, in Annabi ya shigo sai su noƙe su ɓuya, shi kuma ya riƙa turo mata su su ci gaba. A ruwayar Abu Dawud ya ga wani doki mai fukafukai biyu na ƙyalle a cikin kayan wasanta, ya yi tambaya a kansa, ta kafa masa hujja da dawakin Annabi Sulaiman, ya yi dariya har haƙoransa na ciki suka bayyana. Tambaya ya yi ya bar mai wasa ta yi bayanin duniyarta. Mu kuwa da mun ga yaro ya zana saniya shuɗiya sai mu gyara masa, kamar saniyar za a kai kasuwa.

Akwai kuma wanda ba ya kuka, ba ya cizo, yana can kusurwa ya jingina da bango yana kallo. Shi ne aka fi zalunta a kowane aji, don ba ya damun kowa. Wataƙila kunya ce, wataƙila bai karya kumallo ba, wataƙila an kore shi daga wasa sau uku ya haƙura. Ba a jan irinsa da ƙarfi a jefa cikin taro. A zauna kusa da shi da murafe biyu uku, a fara jerawa, shi da kansa zai miƙo hannu.

Abu na ƙarshe da na lura da shi shi ne yadda ta rufe wasan. Ba ta buga tebur ta ce kowa ya watsar ba. Ta ce, "Masu girki a sauke tukunya, masu shanu a fara korowa gida, saura kaɗan mu yi addu'ar tashi." Sai na tuna ruwayar Nasa'i, ranar da Annabi, sallallahu alaihi wa sallam, ya tsawaita sujada a sallar jam'i har sahabbai suka zaci wani abu ya faru ko wahayi ke sauka. Da aka idar ya bayyana musu cewa jikansa ne ya hau bayansa, bai so ya gaggauta shi ba sai ya gama biyan buƙatarsa. Sahu-sahu na manyan sahabbai goshi a ƙasa, ana jiran yaro ya gama hawan doki. Mu minti biyu na gargaɗi ya gagare mu.

Bayan taro na samu malamar na ce, "Malama, ba ki gajiya?" Ta yi dariya ta ce, "Ina gajiya mana, Malam. Akwai ranar da nake tsawa ni ma, in koma gida abin yana damuna. Amma na lura in na durƙusa a farkon zango, zuwa ƙarshensa su da kansu suke sasanta rabin rigimar."

Da na isa gida na tuna cewa makonni kaɗan kafin nan na share wasu tarkace daga bayan ƙofar zaure, kwalin ashana da tsummoki da murafe, na zuba a bola. Ƙaramar 'yata ta yi ta kuka, na ce mata shara ce, ta rufe mini baki. Daren nan na kira ta na ce, "Uwata, kayan nan da na zubar, mene ne?" Ta dube ni ta ce, "Ɗakin amaryata ne, Baba. Har da gado." Na ce ta yafe mini. Ta ce ta yafe, amma in nemo mata kwalin ashana guda biyu, don wancan gadon ma ya yi wa amaryar kaɗan.

Allah Ya shirya mana zuri'a, Ya saka wa malaman ƙananan yara da alheri.